Ɗakin Balzak da teburinsa

Duk wanda ya zauna bisa bencin lise a ƙasar nan ya san sunan Balzak (Honoré de Balzac), ko da bai kai ƙarshen littafinsa ko guda ba. Mushe ya sa an karanta Le Père Goriot ko Eugénie Grandet, an yi jarrabawa, an wuce. Abin da ba a cika faɗa wa ƴan lakwal ba shi ne irin ɗakunan da aka rubuta waɗannan littattafai a cikinsu, da wahalar da son kayan ɗaki ya jawo wa mai rubutun. Labarin ya cancanci wannan fili a wannan sati, domin ya shafi ɗan kasuwa mai ɗaukar kaya bashi, ya kuma shafi ma'aikacin gwamnati da aka tura wani gari ya kama hayar ɗaki guda, alhali yana da wani aikin ƙwaƙwalwa da yake so ya yi bayan an tashi daga biro.

Ɗakin ƙarƙashin rufi

An haifi Balzak a garin Tours ranar 20 ga watan Mayu na 1799. Mahaifinsa ma'aikacin gwamnati ne, mai kula da sha'anin abincin soja. A 1814 gidan ya koma birnin Pari, inda yaron ya karanta shari'a, ya yi koyon aiki a ofishin lauya, daga baya kuma a ofishin notar, wato mai rubuta takardun ciniki da na gado. A 1819 mahaifin ya bar aiki, abin hannu ya ragu, iyali suka tattara suka koma wani ƙaramin gari mai suna Villeparisis. Hanya a buɗe take ga saurayin ya zama notar, ya ci abinci cikin rufin asiri har tsufa. Sai ya ce shi rubutu zai yi.

Iyayen ba su ji daɗi ba, amma suka yi da shi yarjejeniya irin ta ƴan kasuwa: za a ba shi shekara 2 ya nuna abin da ya iya, ana ba shi tamma 1,500 a shekara. Kada mai karatu ya auna wannan da tammar sefa. Tammar Faransa ta wancan zamani azurfa ce mai nauyin giram 5, kuma leburan Pari na samun wajen tamma 2 ko 3 a yini. Kuɗin sun isa mutum guda ya rayu in ya tsuke bakin aljihu, ba su isa a yi fantama ba.

A watan Agusta na 1819 aka kama masa ɗaki a gida mai lamba 9, titin Lesdiguières, kusa da gidan littattafai na Arsenal. Ɗakin yana can ƙolin bene, ƙarƙashin rufi, inda haya ta fi araha. Don gudun surutun dangi da maƙwabta, iyayen suka riƙa cewa ɗansu yana garin Albi wurin wani ɗan'uwa, shi kuwa aka gargaɗe shi kada ya riƙa yawo da rana inda za a gane shi.

Kayan ɗakin ba su da wuyar ƙirga: gado, tebur, kujera, ƴan littattafai, da abin dafa kafe. Ya haɗa wani shamaki na takarda da hannunsa don ya tare iskar da ke shigowa ta kafofi. Da sanyi ya kama, sai ya naɗe jikinsa da tsofaffin tufafi ya zauna bakin aiki. A wasiƙun da yake aika wa ƙanwarsa Laure yana raha cewa ya ɗauki bara mai suna Ni-da-kaina, wanda ke shara da gyaran gado, sai dai malalaci ne.

A wannan ɗaki ya rubuta wasan kwaikwayo cikin baitoci a kan Cromwell, shugaban nan na Ingila. A 1820 ya karanta wa iyali da abokai, kowa ya yi shiru. Aka kai wa wani malami mai suna Andrieux, ɗan majalisar masana harshen Faransanci, ya duba. Hukuncinsa shi ne mai wannan rubutu ya nemi kowace irin sana'a ya yi, ban da adabi.

Ga ido, shekarun gwaji sun tafi a banza. Amma saurayin ya fito da abu biyu da suka yi masa amfani har mutuwa. Na farko, ya koyi zama wuri guda sa'o'i masu yawa gaban takarda. Na biyu, ya san talaucin birni ta ciki, ya san kuɗin gawayi da na wanki da na man fitila. A littafinsa La Peau de chagrin na 1831 akwai saurayi mai zaune a irin wannan ɗaki, yana lissafin kashe-kashen yini ɗaya bayan ɗaya, daga burodi har haya. A gajeren labarin Facino Cane na 1836 kuma, mai ba da labarin yana zaune a titin Lesdiguières ɗin kansa, yana bin ma'aikata a baya da dare yana sauraron hirarsu game da albashi da tsadar abinci.

Kasuwanci, da abin da ya biyo baya

Bayan ya bar ɗakin ya yi shekaru yana rubuta labaran gaggawa da sunayen aro, irin su Lord R'Hoone da Horace de Saint-Aubin. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, sai ya ce bari ya shiga kasuwanci ya tara abin da zai zauna ya yi rubutu hankali kwance. A 1825 ya shiga buga littattafai, ya fitar da ayyukan Molière da na La Fontaine kowanne cikin kundi guda mai ƙananan haruffa, kasuwa ba ta karɓa ba. Maimakon ya ja da baya, a 1826 ya sayi gidan ɗab'i. A 1827 ya ƙara da masana'antar zuba haruffan darma. Kowane sabon jari bashi ne aka ci don a toshe ramin na baya. A 1828 abin ya rushe, aka bar shi da bashin da ya kai dubun-dubatar tamma, wajen 50,000 daga ciki na mahaifiyarsa ne. Abin lura ga ƴan kasuwa shi ne masana'antar haruffan da ta gagare shi ta koma hannun wani saurayi, Alexandre de Berny, ta bunƙasa ta yi suna a Faransa. Hajar tana da kyau, riƙon ne bai iya ba.

A nan ne halin da zai bi shi har kabari ya bayyana. Mutumin da jarinsa ya karye ya kama gida a titin Cassini da sunan mijin ƙanwarsa, Surville, don masu bin bashi kada su gane. Da shigarsa sai ya hau ƙawata wurin da darduma da labule da agogo da littattafai masu bangon fata, mafi yawa bashi. Hujjarsa ita ce marubuci a Pari sai an ga alamar wadata a jikinsa kafin a saya masa aiki da daraja. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar, kowane ɗan kasuwa ya san riga na buɗe ƙofa. Sai dai shi bai san inda ake tsayawa ba.

Suna ya zo. Les Chouans na 1829 shi ne littafin farko da ya sa wa sunansa na gaskiya, Eugénie Grandet ya fito a 1833, Le Père Goriot a 1835. Kuɗi suka fara shigowa da yawa, amma kowace tamma tana iske an riga an kashe ta tun ba ta iso ba. Ya sayi keken doki. A 1834 ya sa aka ƙera masa sanda mai kan zinariya da duwatsu shuɗɗa, wadda duk Pari ta yi zancenta. A 1835 ya kama wani gida a titin Batailles da sunan wata gwauruwa da babu ita, Madam Durand, baƙo ba ya shiga sai ya faɗi kalmar sirri. Gaban gidan kango ne, amma can ciki akwai falo mai shimfiɗu na alfarma.

A 1837 ya sayi fili a Sèvres, bayan birni, ya gina gidan da ake kira Les Jardies. Filin gangare ne, katangar lambu ta yi ta zubewa ana sake ɗaga ta. Ya yi lissafin zai noma abarba cikin ɗakunan gilashi ya sayar a Pari ya yi arziki. Kuɗin kayan ɗaki suka ƙare tun ba a fara ba. Abokinsa Léon Gozlan ya ba da labarin cewa bangayen gidan babu komai a jikinsu sai rubutun gawayi, inda maigidan ya rubuta a kowane wuri sunan kayan alfarmar da za a sa can wata rana, nan marmara, can zanen wani shahararren mai zane. A 1838 ya tafi tsibirin Sardeniya neman azurfa a tsofaffin ramukan haƙa, ya iske wasu sun riga shi. A 1840 masu bin bashi suka rutsa shi, ya bar Les Jardies da hasara.

Gida mai ƙofa biyu

A ƙarshen 1840 ya ɓuya a Passy, wanda a lokacin ƙauye ne a gefen Pari, sai a 1860 aka haɗe shi da birni. Hayar an yi ta da sunan matar da ke kula masa da gida, aka san shi a unguwa da Mushe de Breugnol. Gidan yana jikin tudu. Mai shigowa ta titin sama sai ya sauka matakala kafin ya kai ƙofa, kuma akwai wata mafita ta ƙasa mai ɓullewa wani lungu dabam. In mai karɓar bashi ya buga ƙofar sama, maigida ya sulale ta ƙasa.

Ɗakuna biyar ne ƙanana, ga ɗan lambu. Ɗakin aikin yana ƙurya, nesa da hayaniya. Teburin da ke ciki ƙarami ne na katako, bai fi wanda akawu ke zama gabansa ba, kuma ya bi shi gida-gida shekara da shekaru. Ya taɓa rubuta wa matar da zai aura cewa hannunsa ya kusa cinye katakon saboda yawan gogawa a wuri guda. A kan wannan tebur, cikin shekara kusan 7, aka yi La Rabouilleuse da Une ténébreuse affaire da babban sashe na Splendeurs et misères des courtisanes, aka yi La Cousine Bette a 1846 da Le Cousin Pons a 1847. A kansa kuma ya bi dukan ayyukansa ya gyara ya jera su ƙarƙashin suna guda, La Comédie humaine, wanda aka fara bugawa a 1842. Tarin ya ƙunshi labarai wajen 90 da mutane fiye da 2,000, da yawansu suna fitowa a wannan littafi su sake ɓullowa a wancan, sun tsufa ko sun yi arziki ko sun talauce.

Ko a lokacin da yake gudu zuwa karkara don ya huta da masu bin bashi, a gidan sarauta na Saché kusa da Tours inda wani abokin iyali ke saukar da shi, ƙaramin ɗaki yake zama a sama, mai gado da tebur da taga mai kallon itatuwa. A can ya fara Le Père Goriot a 1834.

Tsarin yininsa ya bayyana shi da kansa a wasiƙa a 1833. Yana cin abinci da marece ya kwanta ƙarfe 6 ko 7. Ƙarfe 1 na dare a tashe shi. Ya sa doguwar farar riga irin ta masu zaman zuhudu, ya kunna kyandir, ya yi rubutu har ƙarfe 8 na safe. Ya ɗan runtsa sa'a ɗaya da rabi, ya karya, ya koma kan tebur har ƙarfe 4 na la'asar. Dalilin zaɓen dare a fili yake: ba baƙo, ba ɗan aike daga gidan ɗab'i, ba mai sallama da takardar bashi. Ba kullum yake haka ba, yakan yi makonni a wannan hali sa'an nan ya fito ya shiga gari ya ci ya sha kamar ba gobe.

Kafe shi ne man injin. Gozlan ya ce yana haɗa iri uku, na Bourbon da na Martinique da na Moka, kowanne da kantin da yake sayensa. Butar tangaran da yake ɗumama shi a ciki kyauta ce daga wata aminiyarsa, Zulma Carraud. A 1839 ya wallafa wani rubutu a kan abubuwa masu zaburar da jiki, inda ya bayyana yadda kafe ke tayar da tunani, ya kuma yarda cewa jiki na sabawa da shi har sai an ƙara ƙarfinsa, cikin mutum kuwa na biyan kuɗin.

Hanyar rubutun kanta abin mamaki ce. Zai zuba labari da sauri, gajere, ya aika gidan ɗab'i. A buga masa a tsakiyar manyan takardu a bar fili mai faɗi a gefe. Ya ɗauki alƙalami ya cika gefen da ƙari da gyara, ya ja layuka zuwa kowace kusurwa, in wuri ya ƙare ya liƙa wata takarda. A sake jera haruffa, a sake kawo masa, ya sake yi. Wani shafi sai an kai sau goma ko fiye. Masu jera haruffa sun ƙi jinin aikinsa har sukan yi karɓa-karɓa, kowa ya yi sa'a guda ya miƙa wa wani. Kuɗin wannan gyara sau da yawa daga ladansa ake cirewa. Mutumin da ke neman kowace tamma ido rufe ya yarda ya yi hasara a nan, saboda kada shafi ya fita bai gamsu da shi ba.

Kayan ɗaki cikin littattafai

Zai zama rashin adalci a ce son kayan ɗaki hasara kawai ya jawo masa. Idon da ya sa shi cin bashin darduma shi ne idon da ya ba labaransa ƙarfi. A wurinsa ɗaki shaida ne a kan mai shi, kamar yadda littafin lissafi yake shaida a kan kanti. Kafin ya bari mutum ya buɗe baki, sai ya zagaya da mai karatu cikin gidansa, ya nuna kujera da labule da tabon mai a kan tebur.

Le Père Goriot ya fara da shafuka masu yawa a kan gidan haya na Madam Vauquer, da warinsa da tsofaffin kujerunsa. A Pari ta lokacin, da yake da ƙafa ake hawa, hawa na farko shi ne na masu hali, kowane hawa na sama kuma ya fi na ƙasansa araha. Tsoho Goriot, wanda ya yi arziki da sana'ar taliya, ya shigo gidan yana biyan tamma 1,200 a shekara a hawa na farko. Da ƴaƴansa mata biyu suka yi ta tatsarsa, ya koma hawa na biyu a kan 900, daga baya hawa na uku a kan 45 a wata. Ba sai an ce ya talauce ba, matakalar ta faɗa. A Eugénie Grandet kuwa, attajirin garin Saumur ba ya bari a hura wutar jin ɗumi a falonsa sai daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, ko da sanyi ya riga ko ya wuce, kuma shi ke rabon kyandir da sukari da hannunsa.

Littafin da ya fi dacewa ɗan kasuwa ya nema shi ne César Birotteau na 1837. Birotteau mai sayar da turare ne, mutumin kirki, wanda ya taso daga yaron kanti. Da gwamnati ta ba shi lambar girma, sai ya ga gidansa ya yi masa kaɗan. Ya kira mai zanen gini, aka fasa bango aka faɗaɗa, aka zuba sababbin kaya, ya yi gagarumin biki ya gayyaci manya. Matarsa Constance ta gargaɗe shi, bai ji ba. A daidai lokacin ya zuba jarinsa a cinikin filaye, notar da ya ba amanar kuɗinsa ya gudu da su, takardun masu gini da masu kayan ɗaki suka iso lokaci guda. Kotu ta ayyana karyewar jarinsa. Sauran littafin labarin yadda shi da matarsa da ƴarsa suka koma aikin albashi ne, suka biya kowa har tammar ƙarshe, aka mayar masa da mutuncinsa, ya mutu a ranar farin cikinsa. Balzak ya san kowane mataki na wannan hanya da ƙafarsa. Abin da ya hana shi bin darasin da ya rubuta wa wasu, wannan sai a tambayi zuciyar ɗan Adam.

Gidan ƙarshe

Tun 1832 yake musayar wasiƙu da Madam Hanska, matar wani mai gonaki masu faɗi a ƙasar Yukren, wadda ke ƙarƙashin Rasha a lokacin. Mijin ya rasu a 1841. Da begen aure ya ƙarfafa, a 1846 Balzak ya sayi gida a titin Fortunée, ya shiga cika shi da zane-zane da tangaran da agogai da kujerun da dillalai suka rantse masa na sarakuna ne. Kuɗin da matar ta ba shi ajiya suka shiga ciki, sabon bashi ya hau kan tsoho. A 1847 ya bar Passy. Daga nan bai ƙara kammala wani babban littafi irin na da ba.

An ɗaura auren ranar 14 ga Maris 1850 a garin Berditchev. Ango ya riga ya kamu da ciwon zuciya, idonsa ya raunana, numfashi na yi masa wuya. Suka iso Pari a watan Mayu da dare, suka iske fitilu na ci a gidan amma ƙofa a kulle, baran da aka bari ya taɓu, sai da aka kira maƙeri ya buɗe. Bai yi wata uku cikakku da dawowa tsakiyar kayan da ya tara ba, ya rasu ranar 18 ga Agusta 1850, yana da shekara 51. Victor Hugo, wanda ya ziyarce shi a daren ƙarshe, shi ya yi jawabi a maƙabartar Père-Lachaise. Matar ta ɗauki nauyin bashin. A 1882 aka watsar da kayan gidan a gwanjo, ginin kansa aka rushe shi daga baya. Gidan hayar Passy, inda ya ɓuya da sunan wani, shi ne ya tsira. Hukumar birnin Pari ta karɓe shi a 1949, yau gidan tarihi ne a lamba 47 titin Raynouard, teburin da kujerar da butar kafen da sandar duk suna ciki.

Abin da mai ɗaki guda zai ɗauka

Ma'aikacin da aka ɗauke daga Tawa aka kai Diffa, ko daga Maraɗi zuwa Agadas, ya san kaya masu nauyi abokan gaba ne ranar tashi. Waɗanda suka ga shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, da kuma karyewar darajar sefa a watan Janairu na 1994 wadda ta tsadar da duk abin da ake shigowa da shi daga waje, sun san abin da kujerun bashi ke yi wa barcin mutum. A ɗaki guda, abin da ya kamata a fara saye shi ne abin da ake aiki a kansa. Tebur ƙarami mai ƙarfi, kujerar da ba ta karya baya, da fitilar da ba ta dogara da wutar gari ba sun isa a fara. Teburin ya zauna kusa da taga, hasken ya zo ta gefen da hannu ba zai yi wa takarda inuwa ba, kuma kada a mai da shi wurin ajiye kwanuka. Wanda sai ya kwashe kaya kafin ya zauna, yawancin ranaku ba zai zauna ba.

Labule ko zana da aka tsaga ɗaki da shi, irin shamakin titin Lesdiguières, yana raba wurin kwana da wurin aiki, yana kuma rufa asiri in baƙo ya shigo. Littattafai su hau bango bisa katako, nesa da ƙasa inda gara da laima ke jira. Takardun da aka rubuta su shiga akwatin ƙarfe mai murfi, saboda ƙurar hunturu da ɓera, akwatin kuma ya zama wurin zama in an ɗora masa shimfiɗa. Mai aiki da kwamfuta ya ajiye kwafi a wuri na biyu. Ƙarƙashin gado rumbu ne ga wanda ya iya jeri. Abin da aka shekara ba a taɓa ba, a ba mai bukata.

Game da lokaci, abin koyi a wurin Balzak shi ne ya gano sa'o'in da ba mai nemansa ya killace su. A ƙasar da zafin rana ke kashe jiki, kuma ƙofa ba ta rufuwa ga ɗan'uwa da maƙwabci, waɗannan sa'o'i na nan kafin gari ya waye, ko bayan an watse daga hira. Sa'a ɗaya kowace rana a lokaci guda, shafi ɗaya ko biyu, ta fi kwana uku na hauka sa'an nan wata guda ba a taɓa alƙalami ba. A zuba rubutun farko ba tare da tsayawa gyara ba, a bar fili mai faɗi a gefen takarda, a dawo masa bayan kwanaki da idon mai binciken lissafi. Mai son rubuta labari kuma kada ya raina abin da sana'arsa ta koya masa. Ɗan kasuwa ya san yadda fuskar mai neman bashi ke sauyawa, akawun kotu ya san yadda gado ke raba ƴan uwa, malamin asibiti ya san abin da ake faɗa a bakin gadon majinyaci. Shekarun Balzak a ofishin notar da karyewar jarinsa su ne rijiyar da ya yi ta ɗiba har ƙarshe.

Abin da ba na koyi ba ne shi ne cinye dare duka da kafe mai kauri, da sa hannu a takardar bashi bisa ladan littafin da ba a rubuta ba tukuna. Ma'aikaci yana da biro da safe, yana da iyali masu haƙƙi a kan lafiyarsa. Kujerun falo kuwa su jira sai an biya kuɗin haya da na lakwal ɗin yara, a saye su hannu da hannu.